Maganin ƙugi da ya zama murya: tarihin hambaka da abin da yake koya wa mai haɗa jita

A ranar 22 ga watan Yuni na shekarar 1955 aka shigar da wata takarda a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka, ana neman haƙƙin mallakar wata 'yar na'ura da kaɗan ta ɗara kwalin ashana girma. Kamfanin da ke bayan takardar shi ne Gibson, mai ƙera jita a garin Kalamazu na jihar Mishigan, sunan da ke kanta kuwa na wani injiniyansa ne, Seth Lover, ɗan shekara 45 wanda ya taso a sana'ar rediyo. Aikin da aka ɗora masa ba shi da wani armashi. An ce ya nemo hanyar kashe ƙugin da ke fitowa daga lasifika duk sa'ad da aka jona jitar lantarki, tun kafin makaɗi ya taɓa tsirkiya. Neman sabon sauti ba ya cikin lissafin.

Yau, bayan shekara 70, wannan na'ura da ake kira hambaka ta zama murya mai zaman kanta a kiɗan duniya, ta kuma zama kasuwa. Wanda ya ƙudurta haɗa jitarsa da hannunsa yakan zaɓi katako da wuya da fenti hankali kwance, sai ya iso kan hambaka ya tarar da ɗaruruwan iri, daga na 'yan daloli zuwa tsofaffin da ake sayarwa dubbai, da yawansu suna yi masa alkawarin sautin 1959. A nan kuɗi ke zurarewa, a nan kuma ake yawan yin da-na-sani. Tarihin na'urar yana rage wannan ruɗani, domin yana nuna cewa kowace fitacciyar hambaka an yi ta ne don warware wata matsala da ta addabi wasu makaɗa a wani zamani. Wanda ya san matsalolin zai iya gane wadda ta yi kama da tasa.

Kunnen jita da lalurarsa

Jitar katako zalla ba ta da ƙarfin murya a cikin taro. A manyan ƙungiyoyin kiɗan jaz na Amurka, a shekarun 1920 da 1930, ƙahoni da ganguna sukan danne ta, har mai kaɗa ta ya zama ɗan rakiya. A 1931 George Beauchamp ya haɗa samfurin wata jitar lantarki da ake kwantarwa a cinya, wadda siffarta ta sa aka yi mata laƙabi da kaskon suya, kuma a 1932 shi da Adolph Rickenbacker suka fara ƙera ta don sayarwa a birnin Los Anjalis. Gibson ya biyo baya da ES-150 a 1936. Da irinta Charlie Christian ya yi suna, ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna cewa jita za ta iya tsayawa gaba ta yi zance ita kaɗai kamar yadda ƙaho yake yi.

Abin da ya ba ta wannan dama shi ne maɗaukin sauti, wato kunnen da ake dasawa a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ƙa'idar aikinsa tsohuwa ce, Michael Faraday ya gano ta a Ingila tun 1831: idan ƙarfin maganaɗisu ya motsa a kusa da naɗin waya, lantarki yakan gudana a cikin wayar. Saboda haka ake samun siririyar wayar tagulla mai kaurin gashin kai, a naɗe ta sau dubbai a jikin kwarkwaro, a haɗa da maganaɗisu. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a sama tana girgiza ƙarfin maganaɗisun, sai wani ɗan lantarki mai bin rawarta ya fito daga kwayil ɗin ya nufi amfilifaya.

Lalurar ita ce kwayil ba ya tantance abin da yake ji. Taransifoma da injin fanka da wayoyin cikin bango, har da ita kanta amfilifayar, duk suna watsa nasu ƙarfin maganaɗisu mai kai da komo daidai da bugun wutar gari, sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Turai da Najeriya da Nijar. Kwayil yakan kwashi wannan ma ya aika. Shi ne ƙugin. P-90 da Gibson ya fitar a 1946, da maɗaukan da Leo Fender ya sa wa Telecaster da Stratocaster tsakanin 1950 da 1954, duk masu kwayil ɗaya ne, duk kuma suna da wannan ciwo. Makaɗa sukan yi ta juya jiki a kan dandamali suna laluben kusurwar da ƙugin ya fi sauƙi. Da amfilifaya ta ƙara ƙarfi, ƙugin ma sai ya ƙaru tare da ita.

Juyi biyu

Ted McCarty, shugaban Gibson tun 1950, yana cikin gasa mai zafi da Fender, jita marar ƙugi kuwa babban abin talla ce. Dabarar da Lover ya ɗauko tana da magabata. Kamfanin Electro-Voice ya yi amfani da kwayil mai kashe ƙugi a makirufo tun 1934, shi ma Lover ya san ta daga aikin amfilifaya. Nasa aikin shi ne mayar da ita abin da zai zauna daidai a jikin jita, wanda kuma masana'anta za ta iya ƙerawa da yawa.

Ya jera kwayil biyu gefe da gefe, ya haɗa su ta yadda lantarki ke zagaya ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Ƙugin da ke zuwa daga waje yana shiga duka biyun da ƙarfi ɗaya amma a kishiyar juna, kamar sa'anni biyu da ke jan igiya: igiyar ba ta zuwa ko'ina. Da a nan ya tsaya, da sautin tsirkiya ma ya mutu tare da ƙugin. Sai ya shimfiɗa maganaɗisu guda a ƙarƙashinsu, ɓangarensa na arewa yana taɓa ƙarafan kwayil ɗaya, na kudu yana taɓa na ɗayan. Ƙugi babu ruwansa da wannan maganaɗisu, juyin waya kaɗai ya shafe shi, don haka ya soke kansa. Sautin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, ta waya da ta maganaɗisu, wanda kuma ya juya baya sau biyu ya koma fuskantar inda ya fara. Sai sautin kwayil biyun ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Daga nan sunan ya samo asali, domin ma'anarsa a Turanci ita ce mai ture ƙugi.

Lover ya lulluɓe komai da murfin ƙarfe don tare wata hayaniyar ta dabam da ke bin iska. Samfurinsa na farko ba shi da kusoshin da ake murɗawa a sama. Masu tallan kamfanin ne suka nemi a saka su, don su sami abin nuna wa mai saye. Jeren kusoshi shida da kowa ke gane hambaka da shi a yau daga wannan buƙata ya fito.

Maganin bai zo shi kaɗai ba. Kwayil biyu a jere suna rage kaifin sauti, suna ƙara masa kauri da ƙarfi. Ga shi kuma hambaka tana sauraron tsirkiya a wuri biyu maimakon ɗaya, abin da ke shafe wasu daga cikin siraran amon da ke sa Stratocaster ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Abin da ya fito sauti ne mai duhu, cikakke, mai nauyi a tsakiya. A lissafin injiniya wannan ragowa ce da ta biyo bayan magani, amma makaɗan da suka zo bayan shekara goma ita suka riƙa nema.

Wani mai shago a Ilinoyi

A lokacin da Lover ke wannan aiki, wani mai shagon kayan kiɗa a ƙaramin garin Kairo na jihar Ilinoyi, Ray Butts, yana bin hanya ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba. Butts ya yi suna da amfilifayar EchoSonic mai amsa kuwwa, wadda Chet Atkins da Scotty Moore, makaɗin Elvis Presley, suka yi amfani da ita. Atkins yana kaɗa jitar kamfanin Gretsch, bai kuma gamsu da maɗaukan da ke jikinta ba. Salonsa, inda babban yatsa ke riƙe ƙasa sauran yatsu suna fitar da waƙa a sama, yana buƙatar kowane amo ya fito a rarrabe. Butts ya haɗa masa hambaka siririya mai ƙarancin naɗi, wadda ta kashe ƙugi ba tare da ta cinye kaifi ba. Gretsch ya bayyana ta da sunan Filter'Tron a 1957, shekarar da Gibson ya fara sa tasa a jikin Les Paul. Lover ne ya riga shigar da takarda, amma ta Butts aka riga amincewa da ita, ranar 30 ga Yuni, 1959. Ta Lover ta biyo baya ranar 28 ga Yuli.

Ke nan tun ranar suna hambaka murya biyu gare ta. Da ta Gretsch George Harrison ya yi kiɗa a farkon tashen Beatles, da ita kuma Malcolm Young ya riƙe bayan ƙungiyar AC/DC shekaru da dama. Mai cewa hambaka duhu gare ta, ɗaya daga cikin biyun kawai yake nufi.

Jinkirin amincewar ne ya haifar da suna mafi tsada a wannan fanni. Daga 1957 Gibson ya riƙa manna wata 'yar takarda a ƙasan kowace hambaka mai ɗauke da rubutun Patent Applied For, wato an nemi haƙƙin mallaka, kashedi ga masu kwaikwayo. Ya ci gaba da manna ta har wajen 1962, shekara uku bayan an ba shi haƙƙin. Da ya tashi canja ta, lambar da ya rubuta, 2,737,842, ta wata ƙirƙira ce dabam, ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a Les Paul ta farko. Lambar Lover ta gaskiya ita ce 2,896,491. Haruffan farko na waccan tsohuwar takarda, PAF, su ne sunan da masu tara kayan da suke zuba dubban daloli a kansa.

Rashin daidaito da ya yi daraja

A rubuce, PAF waya ce mai lamba 42, naɗi kimanin 5,000 a kowane kwarkwaro, da maganaɗisun alniko, gamin baƙin ƙarfe da aluminiyam da nikel da kobal. A masana'anta abin ya sha bamban. Injunan naɗin ba sa tsayawa da kansu idan adadi ya cika, sai mai kula da su ya duba ya kashe. Wani kwayil ya wuce adadi, wani ya gaza, kuma sau da yawa biyun da aka haɗa a hambaka ɗaya ba su daidaita ba. Alniko ma aji-aji ne, na 2 da na 3 da na 4 da na 5, ƙarfinsu ya bambanta, kamfanin kuwa yana amfani da wanda ya samu. Idan aka auna turjiyar PAF ta gaske, wato yadda wayarta ke tauye gudun lantarki, akan ga daga kilo-om 7 da ɗoriya har zuwa 9. Hatta launin kwarkwaro ya sauya a 1959, aka riƙa samun farare a maimakon baƙaƙe, ba a kuma damu ba tunda murfi zai rufe.

Kasuwa ma ba ta yi ɗoki ba. Les Paul Standard mai fentin ja da rawaya, wadda aka ƙera tsakanin 1958 da 1960, ba ta wuce kimanin guda 1,700 ba, farashinta bai kai dala 300 ba, duk da haka Gibson ya dakatar da ita ya maye gurbinta da wata siffa da daga baya aka kira SG. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A Landan, a 1966, Eric Clapton, ɗan shekara 21, ya jona wata Les Paul ta hannu a amfilifayar Marshall, ya murɗe ta sosai wajen ɗaukar faifan John Mayall da ƙungiyar Bluesbreakers. Lantarkin da hambakar ke turawa ya fi abin da amfilifayar za ta iya ɗauka cikin tsabta, sai sautin ya yi kaushi, ya yi tsawo kamar muryar mai kuka. Samarin Ingila da Amurka suka bazama shagunan gwanjo neman jitar da aka daina yi. Wasu, ciki har da Clapton, suka cire murfin don ƙarin kaifi, fararen kwarkwaron da aka ɓoye suka fito fili. A 1968 Gibson ya dawo da Les Paul, waɗancan na farko kuwa yau ana sayar da su ɗaruruwan dubban daloli kowacce.

Labarin Peter Green, wanda ya gaji Clapton a waccan ƙungiya kafin ya kafa Fleetwood Mac a 1967, ya fi nuna yadda kuskure ke zama gado. Hambakar da ke kusa da wuyan Les Paul ɗinsa ta 1959 tana aiki ne a kishiyar 'yar'uwarta, don haka idan aka kunna duka biyun sai su soke wani sashe na sautin juna, abin da ya rage ya fito siriri kamar ta hanci. Jitar ta koma hannun Gary Moore, daga baya Kirk Hammett na Metallica, kuma yau Gibson yana sayar da kwafinta da maganaɗisu a juye da gangan. Haka yake sayar da Burstbucker, wadda ake saɓa naɗin kwayil ɗinta biyu da niyya. Wanda aka ce masa ga sautin PAF yana da damar ya tambaya: wace daga ciki?

Zamanin neman ƙarfi

Daga tsakiyar shekarun 1960 Gibson ya daidaita aikinsa, hambakarsa ta koma fitowa kusan iri ɗaya. Amma makaɗan rok na farkon shekarun 1970 kaushi suke so, amfilifayar zamanin kuwa ba ta yin kaushi sai an murɗe ta har ta kusa fasa kunne. Mafita ita ce a tura mata lantarki mai yawa tun daga jita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Larry DiMarzio, wani mai gyaran jita a Niyok, ya fito da Super Distortion a 1972, mai turjiyar da ta haura kilo-om 13 da maganaɗisun siramik mai ƙarfi da araha. Abu mafi muhimmanci shi ne an yi ta daidai ramin hambakar Gibson, mutum zai cire tsohuwa ya sa sabuwa da kansa. Daga nan maɗauki ya zama kayan da ake saye dabam da jita, kuma kasuwar da mai haɗa jita ke shiga yau ke nan.

Seymour Duncan, Ba'amurken da ya yi aikin gyara a Landan a farkon shekarun 1970, ya naɗa wa Jeff Beck wata hambaka mai ƙarfi wadda ta zama JB, sannan ya kafa kamfaninsa a Santa Babara ta Kalifoniya a 1976. A shekarar ce kuma Rob Turner ya kafa kamfanin da ya zama EMG, wanda ya bi wata hanya ta dabam: kwayil marar ƙarfi sosai, da 'yar amfilifaya a cikin maɗaukin kansa mai cin batir na bolt 9. Sautin ya fito tsaf, da tsauri, babu hayaniya, shi ya sa makaɗan kiɗan metal irin su James Hetfield suka rungume shi. Shi kuwa Lover ya koma Fender a 1967, inda ya ƙera Wide Range a farkon shekarun 1970, da maganaɗisun da ake iya yi wa zare kamar kusa, don ta kashe ƙugi ta kuma riƙe kaifin da aka san Fender da shi.

Ƙarfi yana da nasa kuɗin shiga. Duk naɗin da aka ƙara yana cinye kaifi, yana kuma rage tazarar da ke tsakanin taɓa tsirkiya a hankali da dukanta da ƙarfi. Matsalar da ta haifi waɗannan maɗauka ma ta kau. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara yawaita amfilifaya mai yin kaushi ba tare da ƙara ba, yau kuma 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa ko manhajar kwamfuta tana ba da kaushin da ya wuce buƙata. Shi ya sa makaɗa da yawa suka koma ga hambaka mai sauƙin naɗi.

Jitar dala 130

Babu wanda ya fi Eddie Van Halen dacewa da zama misali ga mai haɗa jita. A shekarun 1970 yana son jikin Stratocaster da sandarta ta lanƙwasa sauti, yana kuma son kaurin Gibson, amma cikin manyan kamfanonin biyu babu mai sayar da wannan haɗi. Ya sayi gangar jiki mai ɗan aibi a dala 50 da wuya a dala 80, ya ciro PAF daga wata ES-335, ya faɗaɗa mata rami da cizal. Ya gamu da matsala biyu da har yau suke jiran kowa. Ta farko, idan ƙara ta yi yawa, sakakkun wayoyin kwayil sukan girgiza su yi kururuwa. Sai ya tsoma hambakar cikin narkakken kakin kyandir don ya daskarar da su. Ta biyu ta shafi jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita kamar yadda yake a goge. Tazarar tsirkiyoyi a jakin Fender ta fi ta Gibson faɗi, kusoshin hambakar ba su faɗo ƙarƙashinsu daidai ba. Sai ya ɗan karkata ta. Bayan faifan farko na ƙungiyarsa ya fito a 1978, kamfanoni suka bi sahu, shekarun 1980 suka cika da jita mai siffar Stratocaster da hambaka a gindi. Abin da ya fara da shi shi ne sanin abin da ya rasa, sayayya ta biyo baya.

Abin da mai haɗa jita zai ɗauka

Tambayar farko ta amfilifaya ce, domin hambaka ba ta taɓa yin magana ita kaɗai ba. Sautin Clapton na 1966 rabinsa na Marshall ne. Wanda amfilifayarsa ke da kaushi mai yawa, hambaka mai sauƙin naɗi irin ta zamanin PAF za ta bar masa rarrabewar amo. Wanda tasa mai tsabta ce kuma yana so ya matsa mata, zai fi amfana da mai ƙarfi. Mai neman kaifi ba tare da ƙugi ba, zuriyar Filter'Tron da ta Wide Range suna nan.

Ta biyu ita ce wurin dasawa. Tsirkiya tana kaɗawa da faɗi a kusa da wuya, tana kaɗawa kaɗan a kusa da jaki. A shekarun 1950 Gibson ba ya bambanta na wuya da na gindi, amma yanzu akan sayar da su biyu-biyu, ta gindi ta fi naɗi don su daidaita. A auna tazarar tsirkiyoyi kafin a saya: kusoshin hambakar Gibson suna da faɗin kusan milimita 49 zuwa 50 daga na farko zuwa na ƙarshe, na jaki irin na Fender kuwa 52 zuwa 53.

Lambar turjiya da ake bugawa a kwali tana yaudara. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, don haka tana nuna turjiya mafi yawa ko da naɗinsu ɗaya ne. Lambar tana da ma'ana ne kawai idan waya da maganaɗisu iri ɗaya ake kwatantawa. Shi ma maganaɗisu yana da hali: alniko na 2 mai laushi ne, na 5 ya fi tsauri da haske, siramik ya fi dacewa da naɗi mai yawa. Kaki yana hana kururuwa, dole ne ga mai kiɗa da ƙara sosai, ko da yake PAF ta asali ba ta da shi.

Sai ƙananan abubuwan da ba sa cin kuɗi. Hambaka mai wayoyi huɗu a waje tana ba da damar kashe kwayil ɗaya, a sami siririn sauti, amma ƙugi zai dawo tare da shi. Mamurɗin ƙara mai kilo-om 500 shi aka saba haɗawa da hambaka. Mai 250 yana ƙara mata duhu, irin ta EMG kuwa 25 take so. Ɗaga ta ko sauke ta da murɗa kusa biyu yakan sauya sauti fiye da yadda ake zato, kuma a nan ya kamata a fara kafin a yanke cewa an yi sayen banza. Sannan hambaka ƙugin maganaɗisu kaɗai take kashewa. Hayaniyar da ke zuwa daga lalatacciyar wayar sauke lantarki a ƙasa, abin da masu kiɗa da wutar janareto suka sani sarai, sai an gyara wayar an kuma lulluɓe ramin jita da fallen tagulla.

Akwai ma wanda hambaka ba ta yi masa ba sam. Jimi Hendrix ya yi yawancin aikinsa da Stratocaster mai kwayil ɗaya, da irinta kuma Mdou Moctar na Nijar yake kiɗa a yau, sun ɗauki ƙugin a matsayin ladan kaifi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haƙƙin mallakar da aka bayar a 1959 na kamfanin Gibson ne, shekaru da dama kuma sunan Lover bai wuce bakin masana ba. Gibson ya rufe masana'antarsa ta Kalamazu a 1984, ɗaya daga cikin tsofaffin injunan naɗinta ya koma hannun Seymour Duncan. A tsakiyar shekarun 1990 Duncan ya zauna da dattijon suka fitar da hambaka mai ɗauke da sunansa: waya mai lamba 42, alniko na 2, murfin ƙarfe, babu kaki, an kuma naɗe ta a kan wancan tsohon inji. Lover ya rasu a watan Janairu na 1997 yana da shekara 87. Har yanzu ana sayar da ita, a jere da ɗaruruwan da suka fito daga dabarar da ya shigar wa takarda don kawai lasifika ta yi shiru.